Rufin Asiri Ba Ya Hawa Jirgin Sama: Magana Kan Matuƙi Da Ciwon Suga



Akwai shawarwari guda biyu da ake bayarwa a majalisunmu duk lokacin da aka ce an gano ciwon suga a jikin wani ɗanmu da ke tuƙin jirgin sama, ko wanda ke shirin shiga makarantar koyon tuƙin. Ta farko ta masu saurin yanke ƙauna ce: “Ai shi ke nan, ya nemi wata sana'a, mai suga ba ya tuƙa jirgi.” Ta biyu kuma ta masu ganin kansu 'yan gari ce: “Kai, ja bakinka ka yi shiru. Wa ya sani? Idan lokacin gwaji ya zo a san yadda za a yi.” Ta farko rashin sani ce, ana iya yi wa mai ita uzuri. Ta biyu kuwa cin amana ce, kuma ita na fito in yaƙa yau, domin ita ce ke zuwa sanye da rigar tausayi har muna kiranta rufin asiri, alhali caca ce da rayukan mutum ɗari da wani abu da ke zaune a baya sun ɗaura bel, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mu da ke zaune a Legas, musamman 'yan Agege da Mafoluku da Oshodi, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Jirgi ta kan rufinmu yake wucewa safe da yamma. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012, inda jirgi ya faɗo cikin unguwa, mutum 153 da ke cikinsa suka rasu har da wasu da ke cikin gidajensu, sun san cewa abin da ya sami jirgi a sama ba ya tsayawa a sama. Wancan hatsarin matsalar inji ce, ba ciwon kowa ba. Amma ya ishe mu darasi cewa lafiyar jirgi da lafiyar mai tuƙa shi ba sirrin gidansu ba ne. Maganar kowa ce.

Mu fara daga tushe. Lasisin tuƙin jirgi shi kaɗai ba ya ba mutum damar tashi. Dole sai yana tare da takardar shaidar lafiya wadda ba ta ƙare aiki ba, kuma ba kowane likita ke bayar da ita ba, sai wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta amince masa. Takardar aji uku ce. Aji na ɗaya na masu tuƙin haya ne, masu ɗaukar fasinja da kaya. Aji na biyu na masu tuƙi don kansu ne. Aji na uku kuma na ma'aikatan hasumiya ne, masu ba jirage umarnin tashi da sauka. Mai aji na ɗaya duk shekara sai ya koma gaban likita, idan shekaru suka ja kuma sai ta koma duk wata shida. Ana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini, ana gwada fitsari, ana kuma ba mutum takarda ya cike tarihin lafiyarsa ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Wannan tsari ba Najeriya ce ta ƙirƙiro shi ba. Ya samo asali ne daga ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma dokokinmu a kansu aka gina su.

To me ya sa suga ya zama abin tsoro a wannan aiki? Dalili biyu ne, ɗaya mai gaggawa, ɗaya mai bin sannu.

Mai gaggawar shi ne faɗuwar suga, ba hawansa ba, kuma nan ne mutanenmu da yawa ke kuskure. Ƙwaƙwalwa da sugan cikin jini take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiyar a-zo-a-gani. Idan maganin da mutum ya sha ko allurar da ya yi ta fi ƙarfin abin da ya ci, sai suga ya gangaro. Da ya sauka ƙasa da 4, wato wajen 70 a ɗaya ma'aunin da na'urorin gida da yawa ke nunawa, sai jiki ya fara karkarwa, gumi ya keto, gaba ya riƙa faɗuwa. Idan ya ci gaba da sauka, sai gani ya dushe, harshe ya yi nauyi, lissafi ya rikice, mutum ya riƙa gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga nan sai suma. Duk wannan na iya faruwa cikin 'yan mintoci. Abin da ya fi muni shi ne, wanda suga ya saba faɗi masa, jikinsa kan daina yi masa gargaɗi. Ba karkarwa, ba gumi, sai dai kawai a ga ya fita hayyacinsa. Yanzu ku ɗauki wannan hali ku ɗora a kan mutumin da ke sauko da jirgi Ikeja cikin ruwan sama na watan Yuni, ko Kano cikin hazon hunturu, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a kan ƙarfin inji, hasumiya na ba shi lambobi a kunne. A wannan lokacin babu gefen titin da zai faka ya nemi lemo.

Mai bin sannun kuma shi ne ɓarnar da suga ke yi idan ya daɗe a sama ba a kula da shi ba. Yana cin ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido har gani ya lalace. Yana kashe jin tafin ƙafa, alhali da ƙafa matuƙi ke taka birki, da ita yake daidaita wutsiyar jirgi. Yana taɓa ƙoda. Yana toshe jijiyoyin zuciya, kuma mai suga na iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da zai ankarar da shi ba. Saboda haka likitan da ya ce ka dakata ba maƙiyinka ba ne, ba kuma baƙin ciki yake yi da cigabanka ba. Aikinsa ke nan.

Yanzu ga masu cewa shi ke nan. Ina kuka samo wannan hukuncin? Ƙa'idar ICAO ba ta ce duk mai suga ya ajiye hula ba. Abin da ta yi shi ne raba lamarin. Wanda ba ya amfani da allurar insulin, idan aka tabbatar suganta ko sugansa ya daidaita ta hanyar tsarin abinci kaɗai, ko abinci tare da ƙwayar da ba ta da hatsari ga aikin tuƙi, ana iya ba shi takarda. Kuma mafi yawan masu suga a duniya, fiye da tara cikin goma, nau'i na biyu suke da shi, wanda ke kama manya, wanda sau da yawa da ƙwaya da gyaran abinci ake fara riƙe shi. Ƙwayoyin ma ba ɗaya suke ba. Metformin, wanda shi ake fara ba yawancin mutane, da wuya ya kayar da suga idan shi kaɗai ake sha. Amma irin su glibenclamide, masu matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, su ne likitocin jirgi ke ɗari-ɗari da su. Abin da ke faruwa galibi shi ne a dakatar da matuƙi na ɗan lokaci, a daidaita masa magani, a duba ido da zuciya da ƙoda, idan komai ya zauna a mayar masa da takardarsa, wani lokaci da sharaɗin cewa ba zai tashi shi kaɗai ba sai da wani matuƙi a gefensa. Dakatarwa daban, kora daban.

Wanda ke allurar insulin shi ne ƙa'idar ta ce bai dace ba. Nan ma tarihi bai tsaya wuri guda ba. Shekara da shekaru ƙofar a rufe take ruf. Douglas Cairns, matuƙin jirgin sojan saman Birtaniya, ya rasa aikinsa a 1989 bayan an gano yana da suga nau'i na ɗaya. A 2003 ya kammala zagaya duniya da ƙaramin jirgi mai inji biyu, yana allurarsa yana gwajinsa, don ya nuna abin mai yiwuwa ne. Kanada, ƙasar da aka gano insulin a cikinta a 1921, ita ce ta fara barin masu allura su tuƙa jiragen fasinja, a 2002. Birtaniya ta bi sahu a 2012, daga baya Ireland da Ostiriya suka shiga tsarinta. Amurka, wadda tun 1996 ta yarje wa masu tuƙi don kansu, ta buɗe ƙofar ga masu tuƙin haya a ƙarshen 2019, bisa sharaɗin amfani da 'yar na'urar nan da ake mannawa a fata tana auna suga dare da rana.

Ku saurari yadda tsarin Birtaniya yake, domin a nan ne duk maganata ta ta'allaƙa. Matuƙin da ke allura zai gwada jininsa kafin ya fara aiki, ya sake gwadawa cikin minti 30 kafin tashi, ya riƙa gwadawa a kai a kai yayin da ake sama, sannan ya gwada cikin minti 30 kafin sauka. An raba sakamakon kamar danjar titi. Daga 5 zuwa 15 kore ne, a ci gaba da tafiya. Daga 4 zuwa 5, ko daga 15 zuwa 20, ruwan ɗorawa ne, ya ɗauki mataki, idan ƙasa ne ya ci abu mai zaƙi ya sake gwadawa. Ƙasa da 4 ko sama da 20 ja ne, nan take ya miƙa tuƙi ga abokin aikinsa. Tun kafin a tashi abokin aikin ya san halin da ake ciki, ana nuna masa lambar, ana rubuta ta, likitocin hukuma kuma suna bin bayanan lokaci bayan lokaci. Da aka tattara sakamakon matuƙa 49 da suka bi wannan tsari, aka wallafa a 2020, an samu gwaji 38,621 cikin sama da awa 22,000 na tashi. Kusan 98 cikin ɗari na gwaje-gwajen a kore suke. Babu ko mutum ɗaya da ya fita hayyacinsa a bakin aiki.

To ina masu cewa a yi shiru? Ku dubi abin da ya tsare waɗannan mutane da fasinjojinsu. Ba ƙarfin jiki ba ne, ba sa'a ba ce. Bayyanawa ce. Likita ya sani, kamfani ya sani, wanda ke zaune a kujerar gefe ya sani. Duk wani abin da ya sa tsarin ya yi aiki, shawararku ta rufin asiri ta rushe shi.

Mu bi ɗanku da kuka ce ya yi shiru, mu ga inda kuka kai shi. Ba zai je asibitin kirki ba, don kada a buɗe masa fayil. Kemis zai je, ya sayi abin da wani ya ce yana sha, kuma sau da yawa mai arahar nan ne mai kayar da suga. Babu mai daidaita masa adadi. Ba zai iya fito da na'urar gwaji a ɗakin tuƙi ba, don kada a tambaye shi. Idan jirgi ya yi jinkirin awa uku, abin da ba baƙo ba ne a filayenmu, lokacin abincinsa ya wuce amma ƙwayar da ya haɗiya da asuba tana nan tana aikinta. Idan harshensa ya fara nauyi a sama, abokin aikinsa zai ɗauka gajiya ce, ba zai san cewa kwalin lemo ɗaya ake nema ba. Ba za a duba masa bayan ido ba, ba za a gwada zuciyarsa yadda ya kamata ba, har sai ɓarnar da ake iya tarewa ta zama wadda ba ta gyaruwa. Kun ce kuna tsare masa aiki, kun ɗauke shi daga sahun masu ciwon da ake iya ba takarda kun jefa shi sahun waɗanda ba za a taɓa ba su ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai dabarun ranar gwaji. Wani ya ce ka yini da yunwa kwana biyu kafin ka je. Wani ya ce ka dirki ruwan shuwaka da zogale da ganyen darbejiya. Wani ma har fitsarin aro yake ba da shawara. Jama'a, rana ba ta ƙarya. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c. Ƙwayoyin jan jini kan rayu wajen kwana 120, suga kuma yana manne musu gwargwadon yawansa, don haka gwajin yana nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga 6.5 cikin ɗari zuwa sama, ciwon suga ne. Yunwar kwana biyu ba ta goge tarihin wata uku. Da zarar likita ya ɗarsa zargi, wannan zai nema. Bayan ido ma yana ba da shaida, ko mai idon ya so ko bai so ba.

Maganin kwalba kuma, wanda babu mai sanin abin da aka zuba a ciki, shi ne ya fi ba ni tsoro. A 2008 a Singafo, mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti saboda mummunar faɗuwar suga, huɗu suka mutu. Da aka bincika, sai aka gano magungunan ƙarfin maza ne na jabu, wasu ana tallarsu a matsayin na ganye, aka cusa musu glibenclamide. Idan haka ta faru a ƙasar da ke sa ido sosai kan magunguna, me kuke zato game da jarkar da ake tallarta da lasifika a tasha? Wanda zai tashi da jirgi gobe da safe, shi za ka miƙa wa wannan?

Maganar neman alfarma wajen likita kuwa, kada ma a fara. Takardar da matuƙi ke sa wa hannu takardar doka ce. Wanda aka kama da ciwo ana neman yadda za a dawo da shi aiki. Wanda aka kama da ƙarya lasisinsa ne ke cikin hatsari, sunansa kuma ya ɓaci a sana'ar da kowa ya san kowa. Likitan da ya rufe ido shi ma ya sa kansa. Duniyar jiragen sama ta ɗanɗana kuɗarta a kan ɓoye rashin lafiya. A watan Maris 2015 jirgin kamfanin Germanwings da ya taso daga Basalona ya daki tsaunukan Faransa, mutum 150 suka hallaka, daga baya aka tarar da takardun likita a yayyage a gidan mataimakin matuƙin, masu cewa bai kamata ya fita aiki ba. Shi ba suga gare shi ba, matsalarsa ta tunani ce. Amma abin da ya haɗa labarin da namu ɗaya ne: likita ya sani, waɗanda ya kamata su sani ba su sani ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ba shi da nauyi ba. Za a ce: “Kai ba ka san miliyoyin da aka kashe ba. An sayar da gona, an sayar da fili, wani gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyinsa. Shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa, shi ke riƙe da iyayensa. Ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, a dakatar da shi, wa zai ciyar da gidan?” Wannan tambaya ce ta gaske. Amma ku lura da abin da ke cikinta: ba don shi muke so ya yi shiru ba, don kanmu ne. Mun ɗora wa mutum ɗaya kayan dangi gaba ɗaya, sannan mun ce kada ya kuskura ya yi ciwo. Idan ƙungiyoyinmu na iya haɗa kuɗin biki da na naɗin sarauta cikin mako guda, suna iya tallafa wa ɗansu na wata uku ko shida da zai zauna a ƙasa a daidaita masa magani. Wannan shi ne rufin asiri na ainihi. Sannan akwai inshorar rasa lasisi, wadda aka yi ta musamman don irin wannan rana. Duk matuƙin da ke karanta wannan ya tambayi kamfaninsa ko yana da ita, kuma me ta ƙunsa, tun yana da lafiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a kuma ce: “Can Turai ne. Nan wutar da za ta riƙe insulin a firij ma aiki ce, balle na'urar mannawa da ake saye da dala.” Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a kwafo tsarin Birtaniya gobe a manna ba. Tsarin yana buƙatar likitocin suga da suka san aikin jirgi, da adana bayanai, da kamfanonin da ba za su ɗauki bayyana ciwo a matsayin hujjar sallama ba. Amma wahalar abu ba hujjar ƙin fara shi ba ce. Ina kira ga NCAA da ta shimfiɗa bayani ɓaro-ɓaro, cikin harshen da matuƙi da mahaifinsa za su gane: wane magani aka yarda da shi, wane ne ba a yarda ba, tsawon wane lokaci ake dakatarwa, waɗanne gwaje-gwaje ake nema kafin a dawo, kuma ina mutum zai ɗaukaka ƙara idan bai gamsu ba. Ta kuma zauna ta nazarci abin da Kanada da Birtaniya da Amurka suka tara, domin ƙa'idar ICAO kanta ta bar wa hukumomi damar sassauci idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu hatsari. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ita ma wannan faɗanta ne. Duk tsarin da ke hukunta mai gaskiya, maƙaryata zai haifar. Idan kuna son matuƙa su riƙa faɗa, ku nuna musu cewa faɗin yana da hanyar dawowa.

Akwai kuma masu rufe muhawara da cewa rai a hannun Allah yake. Babu mai musun wannan. Amma mai wannan maganar ba zai yarda ya shiga jirgin da aka ce ba a duba injinsa ba. Me ya sa za a duba inji a bar mutum? Haka batun azumi. Matuƙin da ke shan maganin da ke kayar da suga ya zauna da likitansa da malaminsa tun kafin watan ya kama, a tsara abin da ya dace. Addini ya yi wa marar lafiya da matafiyi sauƙi, kuma ɗaukar kasada da rayukan wasu ba ƙarin lada ba ne.

Ga iyaye masu burin ɗansu ko 'yarsu ta zama matuƙiya, ga abin da ya kamata. Kafin ku biya ko sisi a kwalejin Zariya, wadda ke horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, ko ta Ilorin, ko wata a ƙetare, ku kai yaron wajen likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa cikakken gwajin aji na ɗaya, ko da makarantar ba ta nemi hakan a matakin farko ba. Kuɗin gwajin ba komai ba ne a kan kuɗin horon. Ku faɗa wa likitan gaskiya idan akwai suga a dangi. Idan aka samu matsala, ku tambayi wane nau'i ne, me ake iya yi, kada ku tsaya a kan abin da aka ji a majalisa. Idan kuma ta tabbata ƙofar tuƙi ba za ta buɗu ba, filin jirgi ba matuƙi kaɗai ke cin abinci a cikinsa ba. Akwai injiniyoyin gyara, akwai masu tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, akwai malaman aji, akwai masu binciken hatsari. Wanda ya riga ya zama matuƙi kuma, ya tuna cewa aikin nasa na zama ne, ga rashin barci kan lokaci, ga abincin otal da lemon kwalba. Tumbi ba alamar samu ba ce a wannan sana'ar. Ya riƙa gwaji tsakanin gwaji, kada ya jira ranar sabunta takarda.

Wannan ba maganar mutum biyu ko uku ba ce. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke ɗauke da ciwon, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Matuƙin jirgi ya yi sa'a, doka ta tilasta a duba shi duk shekara. Direbobinmu na tirela da tanka da ke kwasar kaya daga Apapa zuwa Kano da Maiduguri, su wa ke duba su? Su kaɗai suke a kan sitiyari cikin dare, babu mataimakin da zai karɓa. Idan muka koyi daina ɓoye suga saboda mai jirgi, mai mota ma zai amfana.

Saboda haka idan gobe aka zo majalisa aka ce wane an gano masa suga, kada wanda ya ce shi ke nan, domin ba haka ba ne. Wanda kuma ya ce a yi shiru, a tambaye shi tambaya ɗaya: ranar da mahaifiyarka za ta tashi zuwa Saudiyya, wane matuƙi kake so ya ɗauke ta, wanda ya gwada jininsa ya nuna wa abokin aikinsa, ko wanda ya sha ruwan shuwaka ya ja bakinsa? Duk amsar da ya zaɓa wa tasa uwar, ita ce haƙƙin uwar kowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare matafiyanmu a sama da ƙasa. A tura wa duk wanda ke da ɗa ko ɗan'uwa a wannan hanya.